Wayar lantarki a can cikin ƙwaƙwalwa: fashin baƙi kan tiyatar ciwon waswasi mai taurin kai

Akwai masu ciwon waswasi da maganin asibiti ba ya kama su. Sun sha ƙwayoyi har iyakar abin da jiki zai iya ɗauka, sun yi wata da watanni suna zama da masu ba da horo, amma har yanzu mutum na cinye awa takwas ko goma a rana yana wanke hannu, ko duba kulle ƙofa, ko sake alwala da kabbarar harama. Likitoci na taƙaita sunan ciwon da OCD. Wajen mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma a cikinsu ana ƙiyasta kusan 1 cikin 10 ne ke kaiwa matsayin da duk abin da aka gwada ya gaza. Saboda wannan ƙaramin rukuni ne aka fito da aikin da ake kira DBS: a dasa siraran wayoyi biyu can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da batir a ƙirji, su riƙa aika ɗan bugun lantarki dare da rana.

Ranar tiyatar ita ce ɓangare mafi gajarta a wannan magani. Awa uku zuwa shida an gama dasa wayoyi. Abin da ke biyo baya, wato saita na'ura, komawa horo, lura da batir da sa ido kan halin mara lafiya, shi ne ke cin shekaru, kuma a nan ne ake samun nasara ko a rasa ta.

Inda ciwon yake zaune

Ciwon na tafiya da ƙafa biyu. Ta farko tunani ne mai kutsowa ba tare da an gayyace shi ba: anya ban taɓa najasa ba, anya na kashe gas, ko wani mummunan tunani game da addini, ko tsoron kada mutum ya cutar da ɗan da ya haifa. Ta biyu aikin da ake maimaitawa don a kashe fargabar da tunanin ya kunna. Sauƙin da ake samu na ɗan lokaci ne, kuma wannan sauƙin ne ke koya wa ƙwaƙwalwa ta sake neman maimaitawa. Yawancin masu ciwon sun san abin da suke yi ya wuce hankali. Suna gani, suna jin kunya, suna ɓoyewa, amma ba sa iya tsayawa.

Tun ƙarshen shekarun 1980 hotunan aikin ƙwaƙwalwa suka nuna wata zagayayyar hanya da ke aiki fiye da kima a jikin waɗannan mutane. Saƙo na tashi daga gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman kwarmin ido, ya gangara zuwa wani ƙulli da ake kira sitirayatum, ya wuce wani ƙullin da ake kira talamus, ya sake komowa gaban ƙwaƙwalwa. Aikin wannan hanya a jikin mai lafiya shi ne ta ce masa akwai abin da bai daidaita ba, ya gyara, sannan ta yi shiru. A jikin mai ciwon waswasi kuwa kamar hon ɗin mota ne da ya maƙale: an riga an kauce daga hanya amma ƙarar ba ta daina ba.

Zaruruwan jijiyar da ke ɗauke da wannan saƙo suna matsewa su bi ta wani ƙuntataccen wuri da ake kira reshen gaba na kafsul na ciki. Tun da a dunƙule suke a nan, ɗan ƙaramin abu da aka yi a wurin yana iya taɓa hanyar baki ɗaya. Likitan tiyata Jean Talairach ya fara ƙona wannan wuri a Faransa a 1949, Lars Leksell ya inganta aikin a Suwidin, kuma an ga yana taimaka wa wasu masu waswasi. Matsalar ƙuna ita ce ba a mayar da abin da aka ƙona.

A 1987 Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak a Grenoble ta Faransa suka nuna cewa bugun lantarki mai sauri yana tsayar da karkarwar hannu kamar yadda ƙuna ke yi, ba tare da an lalata wurin ba. Daga nan aikin ya bazu a kan ciwon Fakinsin, mai sa karkarwar jiki. A 1999 Bart Nuttin da abokan aikinsa a Leuven ta Beljiyam suka sa waya a daidai inda ake ƙonawa don waswasi, a jikin mutum huɗu, uku suka samu sauƙi. Bayan shekara goma, a 2009, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin Medtronic don wannan ciwo. Sai dai ta wata ƙofa ta musamman aka ba da amincewar, ƙofar da a wancan lokaci aka tanada don na'urorin da masu buƙatarsu ba su kai 4,000 a shekara ba, inda ba a neman babban gwajin da ke tabbatar da amfani. Wasu masana sun soki hakan, kuma sukar na da tushe, domin har yau gwaje-gwajen da aka dogara da su ƙanana ne.

Wa ya cancanta

Ana auna tsananin ciwon da wani ma'auni da aka fitar a 1989, mai ɗauke da sunan jami'o'in Yale da Brown. Tambayoyi goma ne, biyar kan tunani biyar kan maimaitawa, kowace na da maki daga 0 zuwa 4, jimilla 40. Daga 24 zuwa 31 ciwo ya yi tsanani, daga 32 zuwa 40 ya kai maƙura. Yawancin cibiyoyi ba sa duba batun tiyata sai maki ya kai wajen 28, mutum ya cika shekara 18, kuma ciwon ya shekara aƙalla 5 yana hana shi aiki, karatu ko zaman iyali.

Sharaɗin da ya fi tace mutane shi ne tabbatar da cewa magani ya gaza da gaske. A nan ne ake gano cewa da yawa daga waɗanda aka turo ba a taɓa yi musu magani yadda ya kamata ba. Waswasi na buƙatar ƙwaya mai yawa fiye da ciwon damuwa, da kuma lokaci mai tsawo. Fuloksetin kan kai miligiram 60 zuwa 80 a rana, satralin 200, fulboksamin 300, kuma ba a yanke hukunci a kan ƙwaya sai an yi sati 12 ana shan ta, mafi yawansu a kan cikakken adadi. Wanda ya sha miligiram 20 na sati huɗu ya ajiye bai gwada komai ba. Cibiyoyi na neman an gwada irin waɗannan ƙwayoyi aƙalla biyu ko uku, an kuma gwada kulomifiramin, tsohon magani mai ƙarfi da ke kaiwa miligiram 250 kuma yake buƙatar awon bugun zuciya. Sannan an ƙara wa ɗaya daga cikinsu wata ƙwaya mai taimakawa, irin su risferidon ko arififirazol. Duk wannan aikin likita ne, ba abin da mutum zai haɗa wa kansa a kemis ba.

Sai horon tunkara, wanda shi ne ginshiƙin maganin waswasi. Ana sa mara lafiya ya fuskanci abin da yake tsoro daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma a hana shi maimaitawar da ya saba. Ya taɓa mariƙin ƙofa ya zauna bai wanke hannu ba. Ya yi alwala sau ɗaya ya tashi ya yi salla ko da zuciya na ce masa bai wanke gwiwar hannu ba. Fargaba ta hau, ta daɗe, ta sauka da kanta, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa abin da ake tsoro bai faru ba. Ana so a ga an yi irin wannan zama 16 zuwa 20 tare da ƙwararre. Hira da nasiha kawai ba sa shiga lissafi.

Akwai waɗanda ake dakatarwa ko da sun cika sharuɗɗan nan: mai taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi ko ruɗani, mai shaye-shaye da bai daina ba, mai ciwon mantuwa, mai juna biyu, mai matsalar daskarewar jini, da wanda ke gab da halaka kansa a lokacin. Masu tara tarkace su kasa zubarwa ba su cika amfana ba. Kuma ba likita ɗaya ke yanke shawara ba. Likitan ƙwaƙwalwa, likitan tiyata, masanin halayya da, a wurare da yawa, kwamiti mai zaman kansa ne ke zama a kai. Dalilin wannan tsauri na cikin tarihi. A shekarun 1940 da 1950 an yanka gaban ƙwaƙwalwar dubban mutane a Amurka da Turai ba tare da cikakkiyar hujja ko cikakkiyar yardarsu ba, da yawa suka nakasa har abada. Duk mai taɓa ƙwaƙwalwa don gyara hali a yau yana aiki ne a ƙarƙashin inuwar wannan ɓarna, kuma daidai ne ya riƙa tunawa da ita.

Yadda ake dasawa

Kayan kashi uku ne. Akwai wayoyin ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kaurin kowace kusan milimita 1.3. A ƙarshen kowace akwai zobba huɗu na ƙarfen filatinam, jere da juna, kuma ta nan lantarki ke fita. Sababbin wayoyi na da zobban da aka tsaga gida uku, don a iya karkata lantarkin zuwa gefe ɗaya. Akwai wayar haɗi da ke bi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ta gangara wuya. Sai na'urar bugu mai ɗauke da batir, wadda ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji, ƙasa kaɗan da ƙashin da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa.

Kafin aiki ana ɗaukar hoton MRI mai kaifi. Ranar aiki a ɗaura wa kai wani firam na ƙarfe da ƙusoshi huɗu, a ɗauki hoton CT da firam ɗin a kai, kwamfuta ta haɗe hotunan biyu. Da haka kowane ɗigo a cikin ƙwaƙwalwa ke samun lambobi uku da ke nuna inda yake. Ana lissafi daga wata 'yar gadar jijiya da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ta gaba. A gwajin farko da aka yi a Amstadam ta Holan, alal misali, an nufi milimita 7 daga tsakiya, milimita 3 gaban wannan gada, milimita 4 ƙasa. Likita na zana hanyar shiga yadda za ta kauce wa jijiyoyin jini da kogon ruwan ƙwaƙwalwa. Daga nan a huda ƙoƙon kai ta gaba, rami mai faɗin kusan milimita 14 a kowane gefe, a zura wayar a hankali, a danne ta da murfi a bakin ramin.

Wasu cibiyoyi na yin aikin mara lafiya na farke, da allurar kashe zafi kawai, tun da ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka. Amfanin haka shi ne a kunna lantarki a ga abin da zai faru. Idan waya ta zauna kusa da inda ake so, wani lokaci murmushi kan fara daga gefe ɗaya na fuska ya bazu, har ya kai ga dariya, mutum ya ce ya ji nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Masu bincike a Fulorida sun lura cewa waɗanda suka yi wannan dariya a ɗakin tiyata sun fi samun sauƙi daga baya. Idan kuma ta yi ƙasa da yawa, sai tsoro ya taso, da gumi, da bugun zuciya, da jin zafi a jiki. Wasu cibiyoyin kuwa barci suke sa mara lafiya gaba ɗaya, su dogara da hoto don tabbatar da wurin.

Kuskuren milimita 2 na iya raba nasara da rashinta. Babban abin da ke jawo shi shi ne motsin ƙwaƙwalwa: da zarar an buɗe rami, ruwa na fita iska na shiga, ƙwaƙwalwa ta ɗan zame daga inda hoto ya nuna ta. Shi ya sa ake toshe ramin da wuri, ake kuma ɗaukar hoto kafin a tashi daga aiki ko nan da nan bayansa.

Har yanzu cibiyoyi ba su haɗu a kan wuri ɗaya ba. Na Leuven sun fara da kafsul, amma da shekaru suka tafi sai suka ga sakamako na gyaruwa, lantarkin da ake buƙata na raguwa, duk lokacin da aka matsar da waya baya. A ƙarshe suka tsaya kan wani ɗan ƙulli da ake taƙaita sunansa da BNST, mai hannu a fargabar da ke daɗewa. Na Amstadam sun nufi wani ƙulli da ake kira akumbens, amma zobban ƙasa da ke cikinsa ba su yi komai ba, sai da aka koma zobban sama, waɗanda ke zaune a gindin kafsul, sannan sauƙi ya zo. Faransawa ta wata hanya suka biyo: a 2002 Luc Mallet da abokansa suka ba da rahoton masu Fakinsin biyu da aka sa wa waya a ƙullin da ke ƙarƙashin talamus, sai ga waswasin da suka daɗe da shi ya lafa. A 2020 masu bincike a Balin suka tattara hotunan marasa lafiya daga cibiyoyi daban-daban, suka nuna cewa wayoyin da suka yi aiki, ko a ina aka sa su, suna taɓa damin jijiya guda da ya tashi daga gaban ƙwaƙwalwa ya bi ta kafsul. Wannan ne ya sa wasu cibiyoyi yanzu ke zana zaruruwan kowane mara lafiya daga hotonsa kafin su zaɓi wuri.

Saiti

Ana kunna na'ura bayan sati biyu zuwa huɗu. Jiran na da dalili: zura wayar kaɗai na kumbura wurin, kumburin kan kawo sauƙi ko sauyin hali na 'yan kwanaki, wanda zai rikita duk wani awo.

Abubuwa huɗu likita ke juyawa da wata 'yar kwamfutar hannu da ke magana da na'urar ta cikin fata. Wane zobe za a kunna. Sau nawa za a buga a sakan ɗaya, wanda yawanci ake bari a wajen 130. Tsawon kowane bugu, daga maikurosakan 60 zuwa 210, wato ɗan gutsure cikin kashi miliyan na sakan. Da kuma ƙarfin bugun. A Amstadam an fara da bolt 3.5 ana hawa zuwa 5, wasu cibiyoyin sun wuce haka. Waswasi ya fi Fakinsin cin lantarki, musamman idan waya na cikin kafsul.

Wahalar saitin waswasi ita ce babu abin da ido zai gani nan take. Mai karkarwa hannunsa na tsayawa cikin sakanni, likita ya san ya dace. Mai waswasi kuwa alamunsa na sauka ne bi da bi. Walwala kan fara dawowa cikin mintuna ko awoyi. Fargaba ta biyo baya cikin kwanaki. Tunanin da ke kutsowa ya rage ƙarfi cikin makonni. Maimaitawa, da guje wa wuraren da ake tsoro, su ne na ƙarshe, sukan ɗauki watanni. Don haka ana juya abu ɗaya a bar shi sati biyu ko fiye kafin a taɓa wani, kuma samun saitin da ya zauna na iya cin wata 6 zuwa 12. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Iyali na matsa lamba, likita ya canja zobe da ƙarfi a zama ɗaya, a wayi gari ba a san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Akwai kuma abin da lantarki ba ya iya cirewa. Mutumin da ya shekara ashirin yana wanke hannu sau ɗari, wankin ya zame masa ɗabi'a ko da tsoron ya tafi. A nan ne ake dawo da horon tunkara, wanda a da ya gagara saboda fargaba ta fi ƙarfin mara lafiya. A gwajin Amstadam, bayan na'ura ta rage maki, horon sati 24 da aka ɗora a kai ya ƙara rage shi sosai. Cibiyar da ke dasa waya ba ta da mai ba da wannan horo rabin aiki take yi. Ƙwayoyi ma ba a yanke su lokaci ɗaya, wasu na ci gaba da sha har abada.

Abin da kan lalace

Haɗarin tiyata sananne ne daga dubban ayyukan Fakinsin. Zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa na faruwa ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Wani ba ya barin alama, wani na kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma akan rasa rai, ko da yake ba kasafai ba. Hawan jini da magungunan tsinka jini na ƙara haɗarin, shi ya sa ake daidaita su kafin aiki. Shigar ƙwayoyin cuta ta fi yawa, wajen 3 zuwa 5 cikin 100, kuma ta fi kama aljihun batir. Alamarta ja, zafi, kumburi ko ruwa daga ɗinki. Ƙwayoyin cuta na manne wa ƙarfe da roba ta yadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kai musu, don haka sau da yawa sai an cire kayan, an jira watanni, sannan a mayar. Ga mai waswasi akwai ƙarin haɗari: mai yawan taɓa ciwo, ko goge shi da sabulu da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana iya buɗe ɗinkin da hannunsa. Dole a tsara yadda za a kare wannan tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Daga ɓangaren lantarki, abin da ya fi yawa shi ne zumuɗin da ya wuce kima. Mutum ya daina barci, surutu ya ƙaru, ya hau kashe kuɗi, ya yi ta shirye-shirye, ya zama mai saurin fushi ko rawar kai. A rahoton Amstadam na 2020 kan mutum 70, kusan 4 cikin 10 sun yi irin wannan na ɗan lokaci. Yawanci yana biyo bayan ƙara ƙarfi, kuma yana lafawa da kansa cikin kwanaki ko da zarar an rage. Haɗarinsa shi ne mara lafiya ba ya kawo ƙara, domin daɗi yake ji bayan shekarun ƙunci. Mata ko miji, uwa ko ɗan'uwa ne ke fara gani, don haka ana son a zo da ɗayansu duk zaman saiti. Akwai kuma ƙarin ƙiba, wahalar barci, da kukan mantuwa ko ɓacewar kalma a baki, ko da yake gwajin basira bai cika nuna raguwa ba.

Mafi muni shi ne na'ura ta tsaya ba zato. Batir ya ƙare, waya ta karye a wuya, ko wani maganaɗisu mai ƙarfi ya kashe ta. Cikin awoyi ko kwanaki baƙin ciki da fargaba na iya rufto wa mutum, wani lokaci fiye da yadda yake kafin tiyata, har da tunanin halaka kai. Duk mai wannan na'ura da halinsa ya faɗi farat ɗaya, na'urar ake fara dubawa. Likita na auna yadda lantarki ke ratsa kowane zobe: idan turjiyar ta yi sama ƙwarai waya ta katse, idan ta yi ƙasa ƙwarai wayoyi biyu sun haɗe. Batir marar caji da ke shekara uku zuwa biyar ga mai Fakinsin na iya ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu ga mai waswasi, kuma kowane canji ƙaramar tiyata ce mai nata haɗarin. Shi ya sa aka koma mai caji, wanda ke kaiwa shekara 9 zuwa 15, amma sai an riƙa ɗora masa caja a kan fata duk bayan 'yan kwanaki, wasu ma kullum. Akan samu wanda duba cajin ya zame masa sabon waswasi.

Ba a yi wa mai wannan na'ura gashin ƙashi da injin da ke aika zafi cikin tsoka, domin zafin na bin waya ya ƙona ƙwaƙwalwa, kuma an taɓa samun mummunar nakasa ta haka. Hoton MRI ma sai bisa ƙa'idojin da kamfanin na'urar ya gindaya.

Me alƙaluma suka nuna

A wannan fage, idan aka ce mutum ya amsa magani, ana nufin makinsa ya ragu da kashi 35 cikin 100 ko fiye. Wanda ya fara da 34 ya sauka 20 ya amsa, alhali yana nan da ciwo matsakaici. Amma tazarar da ke tsakanin 34 da 20 ita ce tazarar da ke tsakanin wanda ba ya fita daga banɗaki da wanda ke zuwa aiki.

Hujja mafi ƙarfi na zuwa daga gwajin da ake kunna na'ura a kashe ba tare da mara lafiya ko mai awo sun sani ba. A gwajin Faransa na 2008, mutum 16 suka yi wata uku a kunne, wata uku a kashe: maki 19 a kunne, 28 a kashe. A gwajin nan dai mutum ɗaya ya samu zubar jini, biyu ƙwayoyin cuta suka shige su har aka cire wayoyi. A na Damiaan Denys a Amstadam a 2010, cikin mutum 16 tara suka amsa, kuma bambancin kunnawa da kashewa ya kai wajen maki 8. Na Leuven a 2016 ma ya nuna bambanci a fili. A rukunin mutum 70 na Amstadam, kashi 52 cikin 100 sun amsa bayan shekara ɗaya, 17 sun samu ɗan sauƙi, 31 ba su amfana ba. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 34 da marasa lafiya 352 ya samu kashi 66 sun amsa, matsakaicin raguwar maki kuma kashi 47. Adadin 66 ɗin a yi taka-tsantsan da shi, domin ya haɗa da ƙananan rahotanni, kuma an fi buga labarin nasara. Rabi zuwa biyu bisa uku shi ne abin da za a faɗa wa iyali da gaskiya. Ga mutanen da komai ya gaza a kansu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bibiyar shekaru ta nuna sauƙin na ɗorewa muddin na'ura na aiki. Sai dai aƙalla mutum 1 cikin 3 zai ɗauki duk haɗarin bai samu abin da ya je nema ba.

Ƙuna ba ta mutu ba. Ana yin ta yau da zafin lantarki, da hasken gama, ko da sautin da ake tattarawa wuri ɗaya ba tare da buɗe kai ba, wanda aka fara gwadawa kan waswasi a Koriya ta Kudu. Sakamakonta na kusa da na waya, ba ta da batir, ba ta da saiti, amma illarta, kamar mutuwar zuciya da rashin himma, in ta zo babu maɓallin da za a kashe ta. Akwai kuma bugun maganaɗisu daga wajen kai, da Amurka ta amince da shi don waswasi a 2018. Ba ya buƙatar tiyata, ƙarfinsa dai bai kai ba.

Duk da an dasa wa mutane fiye da 150,000 irin wannan na'ura a duniya, waɗanda aka yi wa don waswasi 'yan ɗaruruwa ne. Kuɗin na kai dubban daloli masu yawa, kamfanonin inshora na ƙin biya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa da suka iya saiti ba su da yawa ko a Turai da Amurka.

Ga iyalin da ke Kano, Zariya ko Maradi da suka ji labarin aikin suna tunanin fita waje, matakin farko na gida ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, nan ne za a tabbatar da ciwon, a auna maki, a kai ƙwaya cikakken adadi na cikakken lokaci, a nemi mai horon tunkara. Mafi yawan masu waswasi a nan maganarsu za ta tsaya, ba su kai ga wuƙa ba. Wanda ya wuce duk wannan kuma aka ce ya cancanta, sai ya samu amsar tambayoyi kaɗan a rubuce kafin ya sayi tikiti: mutum nawa masu waswasi, ban da masu Fakinsin, wannan cibiya ta yi wa aikin, wa zai yi saiti a wata goma sha biyun farko, kuma sau nawa za a koma, wa zai ba da horo da harshen da mara lafiya ke ji, ina za a nufa cikin awa 24 idan na'ura ta tsaya, kuma akwai tsayayyar wutar da za a riƙa cajin batir, ko da ta sola ce. Ya kuma dawo da katin na'urar, da lambar samfurinta, da takardar saitin ƙarshe mai nuna zobe, ƙarfi, tsawon bugu da yawansa na kowane gefe.